Larabar Ƙarshen Safar

A Mubi in an gaida mace fuskarta ake kallo. Zenaba kuwa ƙafarta ake kallo. Ba wai a zura mata ido ba, mutanen garin nan sun fi ƙarfin irin wannan rashin kunyar. Sai dai ana cikin "ina kwana, ya gida" ka ga ido ya sauka ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi, sannan ya dawo. Shekara bakwai ana yi mata haka, har ta kai tana gane wanda zai kalla tun bai buɗe baki ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tana da shekara goma sha tara aka ɗaura mata aure da Mamadu, wani mai sayar da huluna, wanda ita ta zaɓa da kanta. Wata huɗu tsakani 'yan bindiga suka shigo gari, kowa ya yi ta kansa, su biyu suka bi duwatsu a ƙafa suka tsallaka Kamaru. A wani ƙauye can amai da gudawa suka kama shi, kwana biyu ya cika. A wannan ba wanda ya ce uffan, don a shekarar nan gidan da ba a yi kuka ba sai dai in kango ne. Bayan shekara uku wani tela mai suna Abdulwahhab ya fito, aka sa rana. Saura kwana tara ya je Maiha taya babansa cirar gyaɗa, ya sa hannu ƙarƙashin harawa, kububuwa ta sare shi. Ba a ko naɗe tabarmar makoki ba wata tsohuwa ta ce, da irin muryar nan da ake ƙanƙantarwa don kowa ya ji, "Yarinyar nan farar ƙafa gare ta." Abin da ya haɗa ƙafar mace a unguwar Shuware da macijin gonar Maiha, ba wanda ya tsaya tambaya. Magana ta samu wurin zama ta zauna.

Tun daga nan Zenaba ba ta rabuwa da baƙin lalle. Kafin na farko ya koɗe ta ɗora wani, har tafin ƙafarta ya manta launinsa na asali. Tana zaune da mahaifiyarta, Ya Kellu, wadda iyayenta suka zo daga Borno da sana'ar turaren wuta, kuma a zauren gidansu suke jera kwalabe su sayar. Mata na saye, don ba mai turare irin nasu a garin, amma uwar amarya kan ce a bar tsohuwar ta zuba da hannunta.

Akwai kuma abin da Zenaba ta sani wanda masu tsegumi ba su lura da shi ba. Mamadu a watan Safar ya rasu. Abdulwahhab ma a Safar. Ta riƙe wannan lissafin gam, ba ta faɗa wa kowa ba, domin shi ne kaɗai abin da ke ba ta damar yin barci. In laifin wata ne, wata yana wucewa. In na ƙafa ne, ina za ta ajiye ta?

Sali ya shigo rayuwarta ne da wari. Wata ranar Litinin da la'asar ya tsaya a ƙofar zauren, dogo, siriri, idanu jajur, rigarsa na tashin kashin shanu tun daga bakin titi.

"Hajiya, ba ni wanda ya fi ƙarfin wannan," ya ce, yana nuna kansa. "Innata ta ce in ban gyara ba in koma tike in kwana da 'yan'uwana."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Sai bayan ya tafi ta gane abin da ya dame ta game da shi: tunda ya zo har ya fita bai kalli ƙasa ba.

Bafulatani ne ɗan Lamorde, kuma ɗan rakiyar shanu ne. Duk Laraba in an gama ciniki a tike, wato babbar kasuwar shanu, akan cika tireloli a nufi Kudu. A saman kowace mota akan gicciya sanduna, mutum biyu su zauna a kai kwana uku, rana da ruwa duk nasu. Aikinsu ɗaya ne, kada saniya ta kwanta. Wadda ta kwanta 'yan'uwanta za su tattake ta, don haka dole mutum ya sauka cikin ƙahoni mota na tafiya, ya ja igiya, ya murɗa wutsiya, har ta miƙe. Saboda wahalar nan suke da dokoki biyu da shugabansu, Malam Ya'akubu, ba ya wasa da su. Wanda ya hau wannan makon ba ya hawa na gaba, sai ya biya bashin barcinsa. Kuma ango ba ya hawa mota a makon aurensa. Malam Ya'akubu da kansa ke hawa a madadinsa, gudummawarsa ke nan.

Kwalba ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama zuwa ba dalili. Da Zenaba ta ga abin na neman wuce wasa, ita da kanta ta zaunar da shi ta kwashe labari kaf ta faɗa masa, tana jiran ta ga idon nan ya sauka.

"Na ji tun tuni," in ji Sali. "Har Malam Ya'akubu ya kira ni gefe ya yi mini wa'azi. Zenaba, ni da nake kwana uku a saman ƙaho ɗari? In mutuwa na nemana ai ta san adireshina, ba sai ta biyo ta ƙafarki ba."

A ranar ta yi kukan da ta daɗe ba ta yi ba, kuma a ranar ta san ta kamu. Son da take yi masa ya zo da tsoro a goye, kullum yana tafe yana ƙara nauyi.

Danginsa sun ja, sun sake ja, suka gaji suka saki. Manya suka zauna suka sa rana, wata Asabar a tsakiyar damina. Ya Kellu ta shigo da goro tana guɗa ƙasa-ƙasa. Zenaba ta ɗauko kalandar bango, ta bi ƙananan lambobin da ke ƙasan manya da yatsa. Asabar ɗin ta faɗo cikin Safar, saura kwana uku ko huɗu watan ya fita.

"Ya, a ɗaga," ta ce.

"A ɗaga me? Shekara nawa muna jiran wannan rana?"

"Mako biyu kawai. A bari watan Mauludi ya kama."

Ya Kellu ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce kwanaki duk na Allah ne kuma malamai sun hana camfi. Zenaba ta ce ta sani. Ta kuwa sani ɗin, amma sani daban, abin da ke kwance a ƙirji daban. Ta daina cin abinci. A kwana na uku tsohuwar ta yafa mayafi ta je ta shirga wa dangin ango ƙaryar cewa kayan ɗaki ba su iso daga Maiduguri ba. Aka ɗaga.

Sali bai ji haushi ba. Ya zo ranar wata Lahadi yana tsokanarta, wai amarya ta tsorata da ango.

"Kin ma kyauta," ya ce. "Da an bar ranar, jibi-jibin nan Malam Ya'akubu ne zai hau mini, ga tsoho ga ciwon baya. Yanzu sai in yi layina da kaina in dawo, na huta da gorinsa."

"Wace rana ce layin naka?"

"Laraban nan mana."

Ba ta buƙaci kalanda ba. Larabar nan ita ce ta ƙarshe a Safar, wadda kakarta ke kira Larabgana, ranar da a gidansu can da ba a tafiya, ba a wanki, ba a ko yanke farce, don an ce a cikinta ake saukar da bala'in shekara. Da ta bar rana yadda manya suka sa, da ranar nan Sali na zaune a gida ana yi masa aski. Da hannunta ta ɗauke shi daga inuwa ta ɗora a saman mota.

"Hamma Sali, kada ka je."

"Saboda me?"

Ta faɗa masa. Ya saurara har ta gama, bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

"Na hau mota ran Larabgana ya fi sau biyar," ya ce a hankali. "In na ƙi hawa wa zai hau? Duk wanda ba ya layin wannan makon yana kan hanyar dawowa, ko barci bai yi ba. In na je na ce wa Malam Ya'akubu amaryata ta ce kada in hau, kin san abin da za a ce a tike? Ba ni za a zaga ba, ke za a zaga. Ki yi mini addu'a kawai."

Litinin ta wuni tana zuba wa mutane turaren da ba shi suka nema ba. Malam Ya'akubu ba abin tunkara ba ne, mutumin da in ya hango ta yake tsallaka titi. Sauran abokan aikin Sali ma gaisuwa daga nesa suke yi mata. Mutum ɗaya ne a cikinsu ke shiga zauren ya zauna ya sha ruwa, shi ne Tizhe.

Tizhe mutumin Michika ne, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji, kuma shi ya koya wa Sali aikin tun yana tsoron wutsiyar saniya. Layinsu a jere yake: in Sali ya hau Tizhe na hutu, in Tizhe ya hau Sali na hutu. Shi ya raka Sali gaisuwar surukai, shi ya fara kiran Zenaba Amarya tun ba a kai ko sisi ba. A tunanin da ya zo mata kuwa har da wata dabara da ta ga kamar Allah ne ya jefo mata. Tizhe ba ya ƙirga Safar. Bai san ranar da ya kama ba, bai san ranar da zai fita ba. Bala'in watan da mutum bai san da shi ba, ta yaya zai same shi?

Talata da hantsi ta zaɓi kwalbar da ta fi kowace tsada, irin wadda ake yi wa amare da sandal da farce, ta naɗe a leda, ta tari keke zuwa Lokuwa, unguwar su Tizhe. Matar Tizhe, Kwanye, wadda ake kira Maman Dennis, tana tsakar gida tana wanke wa 'yar autarsu jiki. Tizhe na kwance a kan benci ƙarƙashin mangwaro, ƙafafunsa sun kumbura kamar an hura, an ɗora su a kan bokiti. Daren jiya ya sauka daga Anaca, can Kudu inda ya raka shanu.

"A'a, Amarya! Ka ɓata hanya ne?" ya ce, yana ƙoƙarin tashi zaune. "Maman Dennis, kawo masa kujera."

Ta miƙa wa Kwanye kwalbar, aka yi godiya, aka shinshina, aka yaba. Sannan ta durƙusa a gaban bencin, abin da ba ta taɓa yi wa wani namiji ba in ba mahaifinta ba, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta faɗi Mamadu, ta faɗi Abdulwahhab, ta faɗi Laraba. Kafin ta kai ƙarshe hawaye sun jiƙa mata haɓar mayafi.

"Baban Dennis, in na uku ya tafi, ni ma ba zan zauna ba. Sau ɗaya kawai. Ka hau masa gobe, shi ya hau maka na gaba."

Kwanye ta tsaya da soso a hannu. "Bai yi barci ba fa," ta ce. "Duba ƙafanshi. Doka ya hana."

Zenaba ta duba. Ta ga kumburin, ta ga idanun da ke rufewa da kansu. Gaskiya ita ce ta gani sarai, kuma ba ta janye roƙonta ba.

Tizhe ya daɗe yana kallon ganyen mangwaro. Can ya yi wata 'yar dariya ta gajiya.

"Mu a coci ba mu da wannan Laraba," ya ce. "Namu duk Laraba ɗaya ne. Tashi, Amarya, kada ka sa ni kuka. Shekara goma sha shida ina wannan aiki, barci ɗaya ba zai kashe ni ba. Zan yi yau, ya isa."

"Kada ka faɗa masa ni ce."

"Ni mahaukaci ne? In ya ji ba zai yarda ba. Ka bar ni da shi, da Malam Ya'akubu ma."

Kwanye ta kawar da kai. Ta juya ta ci gaba da cuɗa yarinyar, da ƙarfin da ya sa yarinyar ta fasa kuka.

Laraba da la'asar sai ga Sali a zaure, cikin farar riga, yana ƙamshin sabulu.

"Addu'arki ta ci," ya ce. "Tizhe ya ƙwace mini layi. Wai ya ga keken ɗinki a Anaca zai sayo wa Maman Dennis, in ya bari wani zai riga shi. Na ce ba ka huta ba, ya rantse mini tun shekaranjiya yake barci kamar gawa. Har Malam Ya'akubu ya sa baki, ya fi ƙarfinmu da surutu. Kin ga mutumin nan da son matarsa?"

Zenaba ta sunkuyar da kai tana gyara kwalaben da ba su karkace ba. Ta dafa masa shayi da kanumfari, ta zauna tana kallon yadda yake hura kofin, kowane numfashinsa tana jin kamar kyauta aka ba ta. Da rana ta faɗi aka kira magariba, ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta. Larabgana ta wuce, Sali na raye. Ta kira Tizhe, ya ɗauka cikin ƙarar iska da kukan shanu, ya ce sun wuce Gombi lafiya lau, a gaida ango. Ta yi sujada ta gode wa Allah, washegari da safe ta soya ƙosai ta rabar sadaka.

Ranar Alhamis ɗin, bayan azahar, tana zaune ta miƙe ƙafa ana ɗora mata sabon lalle, wayar Ya Kellu ta yi ƙara. Tsohuwar ta saurara, ta ce innalillahi, ta sake cewa, sannan ta dubi 'yarta.

"Motar su Sali ce. Ba shi ba, ba shi ba, ki tsaya! Abokin nan nasa, Kiristan."

Yadda abin ya faru, Zacharia ne ya ba da labari daga baya, wanda suka hau tare. Sun wuce Wukari ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun safe yake ganin kan Tizhe na faɗuwa yana ɗagowa, har sau biyu yana riƙo masa riga. Wani bijimi ya kwanta a tsakiyar mota. Zacharia ya ce bari ya sauka, Tizhe ya ce a'a, wannan babba ne, sai shi. Ya sauka, ya tashe shi kuwa. Wajen hawowa ne ya kama sandar da ta jiƙe, hannun da ya shekara goma sha shida yana kamawa ya ƙi riƙewa, daidai lokacin motar ta faɗa rami. Kafin direba ya ji bugun da Zacharia ke yi a saman kan motar ya tsaya, shanu sun gama abin da za su yi.

Zenaba ta tashi da ɗanyen lalle ta taka tsakar gida, sawunta baƙi-baƙi har ƙofar ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ke juyawa a kanta, wai ai yau Alhamis ce.

Sali ne ya je ya taho da gawar. Shi ya bi ta har ƙauyensu a bayan Michika, ya tsaya a bakin kabari cikin masu waƙar coci, hularsa a hannu. Da aka dawo zaman makoki a Lokuwa, nan ya tare, yana shimfiɗa tabarma yana ɗebo ruwa kamar ɗan gida. Duk wanda ya yi masa gaisuwa amsa ɗaya yake ba shi: "Layina ne. Ni na bar shi ya hau." A waya ma abin da yake faɗa wa Zenaba ke nan, ita kuma ta kasa faɗa masa gaskiya.

Ta so ta ƙi zuwa gaisuwa. Ya Kellu, wadda ba ta san komai ba, ta ce wannan wane irin rashin kara ne, mutumin da ya ɗauke ki kamar ƙanwarsa? A rana ta biyar suka je. Tsakar gidan cike da mata 'yan zumuntar coci masu ɗaurin zane iri ɗaya, bencin nan na nan ƙarƙashin mangwaro, Sali na tsaye kusa da shi yana zuba wa baƙi kunu. Kwanye na zaune a tabarma, 'ya'yanta huɗu a jikinta. Zenaba ta durƙusa ta ce, "Maman Dennis, ya haƙuri?"

Kwanye ta dube ta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar a cikin ledarta, ko buɗe ta ba a sake yi ba, ta ajiye a gaban Zenaba.

"Ɗauki kayanka," ta ce. "Wanda zan sa wa turare ba ya nan. Na gaya maka bai yi barci ba."

Sali ya san kwalbar, ya san ɗaurin jan zaren da Zenaba kaɗai ke yi a wuyan kwalabenta. Ya ajiye ludayin a hankali cikin roba.

"Keken ɗinkin fa?" ya tambayi Kwanye.

"Wane keke? Ni na iya ɗinki ne?"

Zenaba ba ta san yadda ta kai bakin titi ba, sai dai ta ji Ya Kellu na jan hannunta, kwalbar na ɗaya hannun.

Kwana shida bai zo ba, bai kira ba. Watan Mauludi ya kama, yara na ta koyon waƙoƙi a makarantun allo, kayan ɗakin da aka yi ƙarya da su suka iso da gaske. Ranar Talata da la'asar, saura kwana huɗu ɗaurin aure, ya yi sallama a zaure. Ya rame, gemu ya fito masa ba tsari. Bai zauna ba.

"Hamma Sali, ni na je," ta ce, tun bai tambaya ba. "Na ga ƙafafunsa, na ji abin da matarsa ta ce, ban fasa ba. Tsoro nake kada ka mutu. Ka zage ni, ka doke ni in kana so, amma don kai na yi."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na kasa zuwa. Da don wani abu kika yi, da na san yadda zan yi fushi."

Ya jingina da bango. Ya ce kwana ya ƙare ne, ya faɗa sau biyu, kamar mai haddar karatun da bai shige shi ba. Sannan ya ce yara huɗu ne, babban yana aji biyu a sakandare, uwarsu ba ta da sana'a sai 'yar gonar bayan gida.

"Na karɓi layinsa," ya ce. "Abin da aka biya a nasa makon na gidansa ne, nawa makon nawa. Malam Ya'akubu ya ƙi, na ce in bai yarda ba zan koma wajen masu lodin Maiha, su ba ruwansu da doka. Ya yarda."

Sai da ta ɗan jima kafin lissafin ya shige ta. "Kowane mako ke nan. Ka sauka Litinin ka hau Laraba."

"Haka ne."

"Abin da ya kashe shi ke nan!"

"Na sani."

"To Asabar fa? Hamma Sali, Asabar fa?"

"Ango ba ya hawa mota," ya ce. "Ni kuma yanzu ba ni da makon da ba zan hau ba. Na faɗa wa su Baffa su dakata."

"Har yaushe?"

"'Yar autar shekararta uku."

Ta matso, ta ce za ta sayar da kayan ɗakin, za ta ba Kwanye rabin cinikin turare, za ta ɗauki yaran ta riƙe. Ya girgiza kai. Ya ce Maman Dennis ba za ta karɓi ko ruwa daga hannunta ba, kuma ita ma ta san haka. Ya ce bai fasa sonta ba, kuma da ganin fuskarsa ba ƙarya yake yi ba. Ya ce shi har gobe bai yarda da maganar mutane ba.

Yana cikin faɗar haka ne idonsa ya sauka. Bai daɗe ba, ɗan kallon nan ne na mai neman allura, ya sauka kan baƙin lallen ya dawo. Wataƙila shi kansa bai san ya yi ba. Zenaba kuwa shekara bakwai tana karatun wannan kallon, ba ta yadda za a yi ya wuce ta. Ta ja ƙafafunta cikin zane.

"Allah ya tsare hanya," ta ce.

"Amin. Useko." Godiyar da Fulatanci ta fito masa. Ya fita.

Washegari da la'asar ta rufe zauren, ta tari keke zuwa mahaɗar da motocin shanu ke bi in za su fita gari. Ta tsaya a gindin wani kanti, hadari na haɗuwa ta gabas, ta saman duwatsun da ta taɓa tsallakawa da Mamadu. Tirela ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ƙahoni na leƙowa ta tsakanin katako. Yana kan ta uku, zaune a gurbin Tizhe, ya naɗe kansa da rawani, igiya a kafaɗa. Ta ɗaga hannu. Ko bai gan ta ba ne, ko ya gani, ba ta sani ba. Shanun da ke ƙarƙashinsa yake kallo.

Da, Laraba ɗaya take tsoro a shekara. Ta tsaya har motar ta sha kwana, aka fara yayyafi, sannan ta juya neman keken da zai mai da ita gida.